Tsarkin da ke Jawo wa Maƙwabci Najasa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ruwa abin tsarki, Ya kuma sanya tsarki sharaɗin salla. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wa'azin wannan mako zai tsaya ne a kan wani laifi ƙarami a ido, wanda ake aikata shi bayan an rufe ƙofa, ba mai gani sai Allah, sa'an nan sharrinsa ya je ya ɓulla a gidan wani bawan Allah da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Laifin kuwa shi ne jefa tsummoki da jiƙaƙƙun ƙyallayen goge jiki, irin waɗanda ake sayarwa cikin fakiti don jarirai da manya, a cikin masai na zamani wanda ake korawa da ruwa.

Watakila wani ya ce ina ruwan filin addini da zancen masai. To, sai ya tuna cewa mafi yawan littattafan fiƙihu da babin tsarki suke buɗe maganar ibada, kuma ladubban shiga makewayi suna cikin abin da ake biya wa almajiri tun yana ƙananan littattafai. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sun taɓa yi wa Salmanul Farisi ba'a, a kan cewa Annabinsu ya koya musu kome har da yadda ake biyan bukata. Salmanu bai ji kunya ba, ya amsa musu da cewa haka ne, ya kuma lissafa musu ladubban. Abin da sahabi bai ji nauyin faɗa ba, bai kamata ya zama abin jin nauyi ga mai wa'azi ba.

Dutsen da ya toshe birnin Landan

A manyan birane irin su Landan ta ƙasar Ingila, gidaje ba su da ramin masai nasu na kansu. Kowane gida yana da bututu wanda ke kai ƙazantarsa cikin wata babbar magudana a ƙarƙashin titi. Magudanun kuma suna haɗuwa da juna har su kai ga matata, inda ake tace ruwan kafin a sake shi cikin kogi. Ke nan dubban gidaje suna tarayya a hanya guda, kamar yadda mutanen unguwa ke tarayya a rijiya guda.

Mutanen Landan ba su sami wannan tsari a banza ba. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho, har wani likita mai suna John Snow ya gano cewa daga famfon unguwar cutar take fitowa, domin ƙazanta ta gauraya da ruwan sha. A bazarar 1858 kogin Thames ya yi ɗoyin da ya takura wa 'yan majalisar ƙasar a cikin zaurensu na bakin kogin. Daga nan aka damƙa wa wani injiniya, Joseph Bazalgette, aikin gina manyan magudanai. A shekarar 1866 kwalara ta sake kashe mutum fiye da 5,000 a gabashin birnin, inda aikin bai riga ya kammala ba. Magudanar da ke ƙarƙashin titi, ashe, katanga ce tsakanin jama'a da annoba.

A watan Satumba na 2017, ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water suka shiga duba wata tsohuwar magudana a ƙarƙashin titin Whitechapel, a gabashin birnin. Titi ne sananne ga Musulmin Ingila, domin a kansa babban Masallacin Gabashin Landan yake, wanda aka buɗe a 1985. Suka tarar da wani curi ya cika magudanar, tsawonsa mita 250, watau ya fi filin ƙwallo biyu, nauyinsa kuwa tan 130. Ƙyallayen goge jiki ne da kunzugun jarirai da kitse da man girki suka haɗu suka daskare kamar kankare. Turawa suka laƙaba masa sunan da ke nufin tsaunin kitse. Ma'aikata takwas suka duƙufa a kansa da mesa mai feshin ruwa da ƙarfi, inda mesa ta kasa suka sa shebur da hannu, sai da suka yi mako tara kafin hanya ta buɗe. A shekarar 2018 aka ajiye wani guntunsa a gidan tarihi na birnin, jama'a suna zuwa kallon abin da hannuwansu suka haɗa.

A ƙarshen 2017 ƙungiyar kamfanonin ruwa ta ƙasar, Water UK, ta fitar da sakamakon wani bincike a kan abin da aka zaƙulo daga wuraren da suka toshe. Kashi 93 cikin ɗari ƙyallayen goge jiki ne. Ƙungiyar ta ce ana samun toshewa wajen 300,000 a shekara a ƙasar, kuma gyaransu yana cin fam miliyan 100. Kuɗin nan daga aljihun jama'a suke fita, wanda ya jefa da wanda bai jefa ba.

Yadda ƙyalle ke zama dutse

Takardar ban ɗaki da gajerun zaruruwan itace ake yin ta, da ta sha ruwa ta motsa sai ta ragargaje. Ƙyallen goge jiki kuwa an ƙera shi ne don ya zauna a jiƙe cikin fakitinsa wata da watanni bai ruɓe ba, da yawansu ma har da zaren roba a jikinsu. Abin da aka yi don ya jure wa jiƙa, ruwan masai ba zai narkar da shi ba. Mai shakka ya sami kwalba biyu da ruwa, ya sa takarda a ɗaya, ƙyalle a ɗaya, ya girgiza. Takardar za ta koma kamar kunu, ƙyallen kuwa zai fito yadda ya shiga.

Idan ƙyallen ya shiga bututu, sai ya yi ta tafiya har ya sami inda zai maƙale, ko a lanƙwasa, ko a mahaɗar bututu biyu, ko a jikin saiwar itacen da ta kutsa ciki. Na biyu ya zo ya maƙale a jikin na fari, na uku a jikin na biyu. Sa'an nan ga kitse da man suya da ake tuttularwa da zafinsu a wurin wanke-wanke. Da sun isa ƙarƙashin ƙasa sai su huce su sandare, su haɗu da sinadarin alli da ke cikin ruwa da jikin siminti, su zama wani abu mai tauri dangin sabulu. Duk wanda ya ga yadda magini ke cuɗa ciyawa cikin ƙasar gini don bango ya yi ƙarƙo, ya ga yadda abin yake: kitse shi ne laka, ƙyalle shi ne ciyawa.

A inda ƙasa ta yi kwari kuma, injuna ne ke tura ƙazantar zuwa gaba. Tsummoki sukan naɗe farfelar injin har ya tsaya, sai ma'aikaci ya kwance shi ya zare su da hannu. Idan hanya ta toshe, ruwa ba ya tsayawa ya jira, baya yake komawa. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu, saboda haka gidan da ya fi kowane gangare a nan yake ɓullowa, ta masai, ta wurin wanka, ko kuwa ya ɗage murfin rami ya malala a kan titi ya gangara kogi.

Hukuncin shari'a

A nan ne maganar ta zama ta addini. Mutum ya shiga makewayi da nufin tsarki, ya goge jikinsa ko jikin jaririnsa, ya jefa ƙyallen ya kora, ya fito ya yi alwala ya tayar da salla da tufafi masu tsarki. Bayan kwanaki, maƙwabcinsa na gangare ya wayi gari najasa ta cika masa tsakar ɗaki, ta ɓata shimfiɗa da tufafi da abin sallarsa, ta kai har inda littattafansa suke. Tsarkin wancan ya zama najasar wannan. Allah Ya yabi masu son tsarki a aya ta 108 ta Suratut Tauba, Ya kuma bayyana ƙaunarSa gare su a aya ta 222 ta Suratul Baƙara. Amma wanda ya yabi mai tsarki Shi ne kuma Ya yi wasiyya da maƙwabci na kusa da na nesa a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, kuma ba a sayen umarni ɗaya da karya ɗaya.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi a kan biyan bukata a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, ya kuma nuna cewa yin haka yana jawo wa mutum tsinuwa. Muslim ne ya ruwaito wannan daga Abu Huraira. A ruwayar Abu Dawuda daga Mu'azu ɗan Jabal an ƙara da mashayar ruwa. Dalilin hanin a fili yake, shi ne kada ƙazantar mutum ta kai ga inda jama'a ke tarayya. Wanda ya toshe magudana har ƙazanta ta malalo kan titi ta shiga kogi, ya kai najasa hanya da mashaya duka biyu, ko da bai tsuguna a can da kansa ba.

Akwai kuma babbar ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, wadda ta zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma ita ce hadisi na 32 cikin Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi. Malamai sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta. A cikin Muwaɗɗa ɗin dai, Imamu Malik ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar Musulmi, a inda ba a yarje masa ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku ta dalilin haka. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe fasali a cikin Ihya'u a kan munanan ayyukan da ake yi a tituna, ya lissafa zubar da shara a tsakiyar hanya, da watsar da ɓawon kankana, da sakin ruwan indararo a inda zai ɓata masu wucewa. Idan ɓawon kankana ya shiga lissafin malamai saboda gudun santsi, ina ga abin da ke mayar da kashin unguwa cikin ɗakunan mutane?

Ta fuskar tsarkin kansa ma akwai abin lura. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun sharɗanta cewa abin da za a yi tsarkin hoge da shi ya zama busasshe, mai tsarki, mai gusar da ƙazanta, domin jiƙaƙƙen abu yakan yaɗa najasa ne a jiki. Ruwa shi ne ya fi, haɗa gogewa da ruwa kuma ya fi duka. Saboda haka wanda ya yi amfani da jiƙaƙƙen ƙyalle, abin da ya fi masa shi ne ya bi da ruwa. Yin amfani da ƙyallen don tsabtace jariri ko majinyaci ko matafiyi ba laifi ba ne, sauƙi ne daga Allah. Laifin yana ga inda aka jefa shi.

Uzurori uku

Mai wannan ɗabi'a yakan kawo uzuri uku. Na farko ya ce ƙyalle ɗaya ne tak, me zai toshe? Ai kuwa curin Whitechapel ba mutum ɗaya ya jefa shi ba. Dubban mutane ne kowa ya ce nasa ɗaya ne tak. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. A aya ta 16 ta Suratu Luƙman, Luƙmanu ya gargaɗi ɗansa cewa aiki ko da nauyin ƙwayar komayya ne, ko da ya ɓuya a cikin dutse ko a cikin ƙasa, Allah zai fito da shi. Ma'aikatan Landan ba za su iya gane na wane ne a cikin wancan dutse ba, amma Wanda ba ya mantuwa Ya san rabon kowa a ciki.

Na biyu ya ce ai an rubuta a jikin fakitin cewa ana iya korawa. To, wucewa ta bakin masai daban, narkewa a cikin bututu daban. Ko a Ingila, kamfanonin ruwa sun ƙirƙiro wata alama a 2019 don ƙyallayen da suka ci jarrabawar narkewa, sa'an nan suka janye ta a 2024, domin ta sa jama'a suna zaton kowane ƙyalle ana iya korawa. A watan Afrilu na 2024 kuma gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwar za ta hana sayar da masu zaren roba a ciki. Shari'a ta koyar da barin abin da ake kokwanto a kansa zuwa ga wanda babu kokwanto, kwandon shara kuwa bai taɓa toshe bututun kowa ba.

Na uku ya ce gyaran magudana aikin hukuma ne, ai don haka ake biyan haraji. Gaskiya ne hukuma tana da nata nauyin, kuma za a tambaye ta idan ta yi sakaci. Amma dukiyar hukuma dukiyar jama'a ce, abin da aka kashe wajen fasa dutsen kitse an rage shi ne daga abin da za a yi wa jama'a wani aikin. Sa'an nan wanda zai shiga ramin ɗan Adam ne mai iyali, zai durƙusa cikin duhu da ɗoyi da iska mai guba wadda takan kashe mutum. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baiwar Allah mai sharar masallaci, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi ba, da ya ji ya nemi a nuna masa kabarinta ya yi mata salla. Wannan shi ne matsayin mai share wa jama'a ƙazanta a wurin Manzon Allah. Ƙara masa wahala da gangan ba halin mumini ba ne.

Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir wani misali da Annabi ya buga na mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka yi shawarar huda nasu ɓangaren don su ɗebi ruwa cikin sauƙi. Idan aka ƙyale su kowa ya nutse, idan aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Mai cewa masaina ne, a gidana yake, ina da ikon jefa abin da na ga dama, maganar mai huda jirgi yake yi. Bakin masai nasa ne, amma bututun na jama'a ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Turawa ne kaɗai. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa na kai ruwa. Birnin Abuja yana da magudanar tarayya mai kai ƙazanta matatar Wupa, kuma ƙyallayen nan suna cikin kantunan kowane gari. A garuruwan da kowane gida ke da raminsa, bututun gidan haya da na asibiti da na makaranta da na masallacin Juma'a duk ta wannan hanya suke toshewa. Haka nan makewayin Mina da Arafa, inda ɗimbin alhazai ke bin layi a kan ƙofa guda, tsumma ɗaya yana iya hana ɗaruruwan mutane tsarki a ranar da suka fi bukatarsa.

Hakkin da ba a san mai shi ba

Abin da ya fi ban tsoro a wannan laifi shi ne wuyar warware shi. Malamai sun ce tuba daga abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa sharuɗɗa uku gare ta: dainawa, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa. Idan kuwa akwai hakkin wani a ciki, sai an ƙara na huɗu, watau mayar da hakkin ko neman yafewar mai shi. Wanda ya ci bashi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya toshe magudanar gari fa, wace ƙofa zai nufa? Bai san tsohuwar da najasa ta kora daga ɗakinta ba, bai san yaron da ya kamu da gudawa ba, bai san ma'aikacin da ya kwana cikin rami ba. Su kuwa za su san shi a ranar da ake biyan hakki da lada, kamar yadda hadisin matsiyacin gaskiya ya bayyana a cikin Sahihu Muslim.

Duk da haka ƙofar rahama a buɗe take. Malamai sun ce dukiyar da aka rasa mai ita, sai a yi sadaka da ita a madadinsa. Wanda ya san ya daɗe yana wannan aiki cikin rashin sani, ya daina, ya nemi gafara, ya kuma nemi wani aikin tarayya ya sa hannu, ko gyaran makewayin masallaci, ko yashe lambatun unguwa, ko kyautata wa masu wannan sana'a. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanyar mutane.

Rigakafin kuwa ba ya bukatar dukiya. A ajiye kwando mai murfi a cikin makewayi, ƙyalle da tsumma da kunzugu da audugar mata da leda duk su shiga can. Masai ba ya karɓar kome sai abin da ya fito daga jikin mutum, da ruwa, da takardar da aka yi dominsa. Kitse da ragowar man suya a bar su su huce a gwangwani, a kai su juji. Maigida ya sanar da iyalinsa cikin hikima, domin shi makiyayi ne abin tambaya a kan gidansa, uwargida kuma ta koya wa 'ya'ya da masu aiki. Limamai da malaman makarantun Islamiyya su sa wannan cikin darasin ladubban makewayi, kusa da addu'ar shiga da ta fita.

Allah Ya tsarkake zukatan Musulmi da jikunansu da garuruwansu, Ya kiyashe su daga ɗaukar hakkin da ba su san mai shi ba, Ya saka wa masu yi wa jama'a hidima a inda ido ba ya kaiwa da mafificin alheri. Amin. Allah Shi ne mafi sani.